Kwafin Da Ya Tafi Tarauni

Lamba: ZI/GG/1
Gyadi-Gyadi, Kano.
2 ga Yuli.

Zuwa ga 'yata Basira Garba, Tarauni.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da aikin asibiti da mutanen gida, har da wanda ba na ambata.

BATU: LITTAFINA YA ƘI BUƊUWA

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Na san akwai waya. Amma shekara talatin da biyar na yi ina buga tafireta a ma'aikata, ban taɓa ganin bayanin da aka yi da baki ya kwana bai canja ba. Ban da haka, mahaifinki ido ne ya yi masa rauni, kunnensa kuwa yana jiyo waya daga ɗaki na uku. Akunna, ma'aikaciyar jinyar da ke haya a gidana, ta ce kullum tana wuce ofishinku na kwamfuta a asibiti, ita za ta riƙa kaiwa da kawowa.

Kin san na rubuta tarihin mahaifinmu, Malam Inuwa tela, babi tara. Na buga shi a tsohuwar kwamfutata, da wata tsohuwar manhajar rubutu. Kwamfutar ta mutu bayan ƙaramar salla. Austin mai gyara ya ceto fayil-fayil ɗin, ya zuba min su a sabuwa, amma in an buɗe ba a ganin komai sai akwatuna da alamar tambaya. Manhajar kuma ta ƙi zama a sabuwar. Austin ya duba ranar da aka yi ta, ya ce, “Baba, wannan ta girme ni.”

Abin da ke tsakanina da mahaifinki kin san shi, amma zan maimaita don fayil ya cika. A katin ɗaurin auren yayanki Hamza, wanda ni na buga, sunana ya fito a saman nasa. Shi kuma a gaban jama'a ya ɗaga katin ya ce, “Me ake tsammani daga akawu?” Shekara goma sha ɗaya ke nan ba ma gaisawa sai a jana'iza.

Akunna ta ce ranar ashirin da biyar ga wata za a yi masa aiki a zuciya. Ina so littafin nan ya shiga kunnensa kafin ranar. Ba wai na damu ba ne. Shi ma ubansa ne.

Ina jiran amsa a rubuce. Allah Ya yi miki albarka.

Baffanki,
Zakariyya Inuwa.

*

Tarauni,
4 ga Yuli.

Baffa, wa alaikumus salam. Allah Ya ƙara girma da lafiya. Na ga takarda har da lamba, na yi ta dariya a ofis sai da aka tambaye ni ko an yi min ƙarin girma.

Littafinka bai mutu ba. Abin da za mu yi shi ne mu gina tsohuwar kwamfutarka a cikin sabuwar. Mu a wurin aiki virtual machine muke ce mata. Kamar yadda ka ware wa Anti Akunna ɗaki a gidanka, tana da ƙofarta da girkinta amma rufi ɗaya, haka za ka ware wa wata kwamfuta wuri a cikin taka. Ita baƙuwa, taka mai gida. A cikin baƙuwar za ka saka tsohon Windows da tsohuwar manhajarka, su ba su ma san zamani ya canja ba.

Na saka maka manhajar ginin a filas ɗin nan, kyauta ce. Ga matakai, tunda na san kana son lamba:

Ɗaya. Da ka kunna kwamfutar ka yi ta danna F2 da sauri har allo mai shuɗi ya fito. Ka nemi layin da aka rubuta Virtualization, ka mayar da shi Enabled. Kada ka taɓa komai bayan wannan, Baffa, don Allah.

Biyu. Ka saka manhajar, ka danna New, ka raɗa wa baƙuwar suna.

Uku. Za ta tambayi ƙwaƙwalwa nawa za a ba ta. Taka tana da giga takwas. Ka ba ta biyu.

Huɗu. Ka nemo faifan tsohon Windows ɗin. Na san yana nan, mutumin da ya ajiye katin awon Yaya Hamza ba zai yar da faifai ba. Austin zai ara maka abin karanta faifai.

Maganar “ba wai na damu ba” kuma na gani, na wuce. Abba yana nan, yana faɗa da likitoci a kan gishiri. A gaishe da Anti Akunna, ko da yake ita ce za ta miƙa maka wannan.

'Yarka,
Basira.

*

Lamba: ZI/GG/2
Gyadi-Gyadi,
8 ga Yuli.

'Yata Basira, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, taki ta ran huɗu ga wata ta iso.

BATU: RAHOTON CI GABA, IN ANA IYA KIRANSA HAKA

Mataki na ɗaya ya ci kwana guda. Ba ki faɗa min cewa allon ba ya jiran mutum ba. Kafin in yi bisimilla in gyara tabarau, ya wuce. Sau shida haka. A na bakwai na yi bisimillar tun kafin in kunna, na hau F2 da yatsan tafireta, har Akunna ta leƙo ta taga ta ce ko ana gyaran ƙofa ne. Allon shuɗi ya fito. Ban taɓa komai ba sai agogo, wanda na ga ya yi latti da minti huɗu.

Faifan yana nan a ambulan ɗinsa, kamar yadda kika zata.

A mataki na uku ban bi ki ba, kuma ina so a rubuta dalilina. Kin ce in ba baƙuwa biyu in riƙe shida. Basira, a gidan Malam Inuwa aka haife ni. Mutumin da in baƙo ya sauka sai ya ba shi gadonsa ya kwana a kan teburin yanka yadi. Na ba ta bakwai.

Sakamako: fankar kwamfutar ta kama ƙara kamar injin markaɗe. Na kunna baƙuwar bayan azahar, ba ta gama farkawa ba sai da aka kira la'asar. Mai gidan kuma ta sandare, ko agogon da na gyara ya daina tafiya.

Sannan wani abu ya faru da ba ya cikin matakanki. 'Yar kibiyar nan ta linzamin kwamfuta ta shiga tagar baƙuwar ta ƙi fitowa. Na ja dama, ta tsaya a bango. Na ja hagu, haka. Na ja da ƙarfi har linzamin ya faɗo daga tebur. Yanzu haka kibiyar tana ciki, ban san halin da take ciki ba.

Saura kwana goma sha bakwai. Ki ba ni shawara cikin gaggawa. Na gaishe ki.

Baffanki,
Zakariyya Inuwa.

*

Tarauni,
9 ga Yuli.

Baffa, salamu alaikum, ina yini.

Wayyo Allah cikina. Baffa, mai gidan ce ke ɗauke da baƙuwar a bayanta. In ka kwashe abincin gida duka ka ba baƙo har ka suma, wa zai kawo masa ruwan wanke hannu? Ka kashe ta, ka shiga Settings, ka mayar da ita biyu. Wallahi ba za ta ji haushi ba. Tsohuwar kwamfutarka ma ko giga ɗaya ba ta cika ba.

Kibiya kuma lafiyarta ƙalau. Ka danna maballin Ctrl na hannun dama, za ta fito.

Da zarar ka zuba fayil-fayil ɗin a cikin baƙuwar ka ga littafin ya buɗe, ka kashe ta ka danna Clone. Wannan zai yi maka kwafinta gaba ɗaya, don ajiya. In ka gama duba littafin, ka aiko min baƙuwar a filas, in kunna ta a tawa in karanta wa Abba.

Af, asiri ya tonu. Na bar takardarka a kan kujera, Abba ya laluba ya ɗauka. Ba ya iya karantawa, amma ya shafa bayanta da yatsa, ya ce, “Mutum ɗaya ne a Kano ke dukan ɗigo har ya huda takarda.” Na faɗa masa maganar littafin. Ya mayar min da takardar. Da yamma kuma sai ya tambaye ni ko babi nawa ne.

Allah Ya bar mana kai.

Basira.

*

Lamba: ZI/GG/3
Gyadi-Gyadi,
13 ga Yuli.

'Yata Basira, assalamu alaikum wa rahmatullah.

BATU: YA BUƊE

Na rage mata zuwa biyu, da nauyin zuciya. Kibiya ta fito. Jiya Juma'a, da hantsi, tsohon allona ya bayyana a cikin 'yar taga, da kiɗan nan nasa na farkawa. Na danna babi na ɗaya, sai ga shi: “An haifi Malam Inuwa a shekarar fari.” Kowane harafi a mazauninsa. Ba zan ɓoye miki ba, na yi kuka. Akunna ta shigo da gudu ta zaci kibiyar ce ta sake shigewa.

Na danna Clone kamar yadda kika ce. Amma kwafi ɗaya ba aiki ba ne. A ma'aikata kowace takarda uku ake bugawa. Saboda haka yanzu baƙi uku gare ni a jere: ASALI, KWAFI NA BIYU, KWAFI NA UKU. Na duba, kowace littafin na cikinta.

Babi takwas ba sa bukatar komai sai 'yan waƙafi, su ma na bar su. Babi na tara, wanda ya shafi mu 'ya'yansa, shi ne ke bukatar aiki. Ba zan faɗa miki abin da ke ciki ba. Ki ba ni kwana biyar.

Da ya tambayi ko babi nawa ne, da wace irin murya ya tambaya? Don fayil nake so in sani.

Baffanki,
Zakariyya Inuwa.

*

Lamba: ZI/GG/4
Gyadi-Gyadi,
18 ga Yuli.

'Yata Basira, assalamu alaikum.

BATU: GA SHI NAN

Na gama. Kwana biyar ina kan babi na tara, na goge na sake ya fi sau ashirin. Ban taɓa buga abin da ya ba ni wahala kamarsa ba, ni da na buga kasafin ma'aikata shafi ɗari uku a kwana biyu.

Ga filas. Na saka miki kwafi na biyu, domin asalin muhimmiyar takarda ba ya barin hannun mai ita.

Umarni: ki karanta masa babi-babi. In kin zo na tara, kada ki leƙa kafin lokaci, kada ki tsallake kalma ko ɗaya, ko da ya ce ki dakata. Duk abin da ke ciki daga zuciyata ya fito. Abin da na kasa faɗa masa ne shekara goma sha ɗaya, kuma da ina da ƙarfin hali da a gaban jama'a zan faɗa.

Allah Ya sa mu dace.

Baffanki,
Zakariyya Inuwa.

*

Tarauni,
22 ga Yuli.

Baffa, salamu alaikum. Ka yi haƙuri, gaisuwar yau gajeriya ce.

Baffa, me ka yi haka?

Juma'a da Asabar na karanta masa babi takwas. Ban taɓa ganin Abba haka ba. Ya yi dariya a wurin da Kaka ya ɗinka wa mai unguwa wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. A wurin rasuwar Kaka ya juya fuskarsa bango. Ya ce, “Yaron nan ya iya rubutu,” yaron nan fa, kai. Daɗin ya kai shi har ya aika aka kira abokan majalisarsa huɗu, su Alhaji Shehu, wai su zo jiya Lahadi bayan la'asar su ji babin ƙarshe. Aka shimfiɗa darduma, aka kawo zoɓo. Ni ma na yi kwalliya, ina zaton ranar sulhu ce.

Na buɗe, na fara da murya mai daɗi: “Yayana Garba mutum ne da bai taɓa yin kuskure ba, domin duk wanda ya yi yana da ƙanen da zai ɗora wa. Shekarar da ya karya allurar keken Baba, ni aka daka.”

Na tsaya. Abba ya ce, “Ci gaba.” Na tuna umarninka, na ci gaba.

“Makka sau ɗaya ya je, amma labarin mun ji shi ya fi sau dubu, kuma kullum jirgin ƙara girma yake. Rawanin da ya naɗa ranar auren Hamza na aro ne, na san mai shi. In ya ja salla, tsofaffi da ciwon gwiwa suke komawa gida, ba don tsoron Allah yake tsawaitawa ba, don a ji muryarsa ne.”

Shafi goma sha ɗaya, Baffa. Alhaji Shehu ya danne dariya har ta zama tari, aka ba shi ruwa. Da ya samu numfashi sai ya ce, “Maganar jirgin nan dai gaskiya ce.” Sauran ukun kowa ya tuna yana da uzuri, suka bar zoɓonsu.

Da aka watse Abba ya ce, “Shi ya ce a karanta min?” Na ce ka ce kada a tsallake kalma. Ya ce, “To.” Bai ci tuwo ba. Da safen nan na auna jininsa, ya hau, kuma kwana uku ya rage a shiga da shi.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Amma ban yarda kwana biyar ka yi kana shirya wannan ba. Na duba fayil ɗin, kwanan watan da ke kansa na shekara goma sha ɗaya da suka wuce ne. Baffa, bayan ka gama gyaran, ka sake danna Clone kuwa? Ko kwafin ran sha biyu ga wata ka aiko min? Laifina ne da ban tambaya ba tun farko.

Ka amsa yau.

Basira.

*

Gyadi-Gyadi,
22 ga Yuli.

Basira,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hannu nake rubuta wannan, yatsuna sun ƙi hawa tafireta.

Ban sake danna komai ba. Me zai sa? Ni a sanina, in an jera takarda uku, abin da aka buga a ta sama yana ratsa takardar kabon da ke tsakani ya sauka a na ƙasa. Shekara talatin da biyar haka nake aiki. Na jera su uku, ASALI a sama, na yi gyarana a cikinta, na ɗauka ya ratsa. Yanzun nan na buɗe KWAFI NA UKU, na tarar da rawanin aro yana zaune yana jirana.

Abin da kika karanta na rubuta shi ne a satin auren Hamza, da zafin zuciya. Ranar da littafin ya buɗe na gan shi, kunya ta kama ni, shi ya sa na goge shi kaf na rubuta wani. Ashe a wuri ɗaya kawai na goge. Ashe da hannuna na yi wa zagin kwafi biyu, na zaɓi ɗaya na aika Tarauni, har da umarnin kada a tsallake kalma.

Ga ASALI a filas. Yau ya bar hannuna, doka ta sha ruwa. Ki karanta masa wannan takarda tukuna, sannan babin na gaskiya. In ya ƙi ji, ban ga laifinsa ba. Ki ce masa ya ci abinci, ko don ya samu ƙarfin zagina.

Na damu, Basira. Tun takardar farko na damu.

Baffanki.

*

Tarauni,
23 ga Yuli.

Ya'u,

Salamu alaikum. Ni ne nake faɗa, Basira na rubutawa, kuma na ce ita ma kada ta tsallake kalma.

An karanta min takardarka. Mutum ya tsufa yana neman kabon a cikin kwamfuta.

Game da babinka. Rawani nawa ne, a kasuwar Kwari na saya, Shehu shaida ne. Jirgi kuwa ba ka shiga ba, ba ka san girmansa ba. Allura ni na karya. Na ji lokacin da Baba yake dukanka, ina bayan randa. Shekara sittin da huɗu ban manta ba.

Ga filas ɗinka na mayar, ban bari an buɗe ba. Abin da ka rubuta na biyun ba na son jin sa daga bakin yarinya. Kana da baki, kuma daga Gyadi-Gyadi zuwa nan ko a ƙafa ba a yin rabin awa.

Jibi da safe za su shiga da ni. Likita ya ce yawanci ana fitowa. Yara sun ji “ana fitowa”, ni “yawanci” na ji. A gabansu ina faɗa a kan gishiri don kada su gane.

Ka zo gobe bayan azahar. Tsoro nake ji, Ya'u, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa sai kai.

Yayanka,
Garba.